Kafin a goge maka maƙala: jagora ga masu rubuta tarihin Hausawan Legas a Wikipedia

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Agege, wani ƙanena na unguwa ya tsare ni a gaban teburin mai shayi, waya a hannu, fuska a murtuke.

"Yaya, sun goge Baba."

Dare uku ya yi yana rubuta tarihin wani dattijo da ya rasu, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen sasanta fatake da dillalai, wanda ranar jana'izarsa sai da titi ya toshe. Ya ɗora rubutun a Wikipedia ta Turanci bayan isha'i. Kafin ya idar da sallar asuba, shafin babu shi. Abin da ya rage sai sanarwar gogewa mai ɗauke da harafi da lamba: A7.

"Wai su waɗannan mutanen sun san ko wane ne Baba kuwa?"

Ba su sani ba, kuma ba su da hanyar sani sai ta abin da wani ya riga ya buga a kansa. Ni ma haka aka yi wa maƙalata ta farko, na san irin zafin. Shi ya sa na zauna na tsara abin da na koya, daga ranar da ka yi niyyar rubutu har zuwa ranar da aka ce za a goge.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan: kowane harshe a Wikipedia yana da jama'arsa da masu gudanar da shi. Ƙa'idojin da zan bayyana na sashen Turanci ne, domin can ne suka fi tsanani kuma can aka fi goge mana aiki. Sashen Hausa shi ke yanke hukuncin kansa, kuma kasancewar mutum yana da shafi a Hausa ba hujja ba ce a sashen Turanci.

Mataki na farko: ka gane tambayar da ake yi maka

Ƙa'idar da ke tantance wanda ya cancanci shafi a Wikipedia, mutanenmu suna kiranta "shahara", kuma sunan ne yake ɓatar da su. Sai mutum ya ɗauka ana tambayarsa ne ko wane babba ne, ko yana da jama'a, ko ya yi wa al'umma aiki. Tambayar ta fi kama da ta alƙali: ina shaidunka?

Babbar ƙa'idar, wadda editoci suke taƙaita sunanta da GNG, cewa ta yi abu yana cancantar shafi nasa na kansa idan majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da shi, sun yi bayani mai zurfi a kansa. Kowace gaɓa a wannan jimla tana da nauyinta.

Amintacciyar majiya ita ce wadda take da edita mai tantancewa da suna wajen gyara kuskure: jarida tsayayya, littafin da maɗaba'a ta gaske ta buga, mujallar jami'a, gidan rediyo ko talabijin da aka sani. Facebook, TikTok, saƙon WhatsApp da shafin da mutum ya buɗe wa kansa ba sa cikin lissafi. Ita kanta Wikipedia ba majiya ba ce ga Wikipedia.

Rashin alaƙa shi ne inda muka fi faɗuwa. A gaban alƙali ba a karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa, ko da kuwa ɗan mai gaskiya ne. Haka nan ɗan littafin da iyali suka raba ranar sadakar arba'in, da kalandar ƙungiya, da tarihin da mutum ya ɗora a shafin kamfaninsa, da ta'aziyyar da aka sayi fili a jarida aka buga, duk shaidar 'yan gida ce. Ana iya ɗauko ƙaramin bayani daga cikinsu, kamar shekarar haihuwa, amma ba sa tabbatar da cancanta. Hira ma haka: abin da mutum ya faɗa a kan kansa nasa ne, ko a wace jarida ya fito.

Zurfin bayani kuwa yana nufin an tsaya a kan mutumin an yi magana, ba an ambace shi an wuce ba. Kuma majiyoyin su wuce ɗaya. Ƙa'ida ba ta yanke adadi ba, amma tsofaffin editoci sukan ce ka kawo uku mafi ƙarfi. Labari ɗaya na Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya da jaridu biyar suka kwafa, majiya ɗaya ce. Rubutu huɗu daga alƙalamin ɗan jarida ɗaya, ɗaya ne.

Akwai sauƙi biyu da mutanenmu ba su cika sani ba. Ba dole ne majiyar ta zama da Turanci ba, ta Hausa ko Yarbanci ko Larabci tana aiki. Kuma ba dole ne ta kasance a intanet ba. Jaridar 1978 da ke cikin ɗakin karatu majiya ce cikakkiya, matuƙar ka ba da sunanta da ranar fitowa da lambar shafi.

Mataki na biyu: ka tara shaidu kafin ka rubuta kalma ɗaya

Mai sayen goro ba ya biyan kuɗi sai ya kwance huhu ya duba. Kafin ka kashe data da barcinka, ka buɗe littafi ka yi layi huɗu: sunan majiya, wa ya rubuta, yana da alaƙa da mutumin ko babu, sakin layi nawa ya yi a kansa. Duk majiyar da ta kasa a wuri ɗaya, ka cire ta daga ukun da kake nema.

A nan Legas muna da wata matsala tamu. Manyan jaridun ƙasar nan da yawa a garin nan suke, Punch da Vanguard da Guardian da ThisDay da The Nation, amma ba su cika leƙo unguwanninmu ba sai abu ya ɓaci. An rubuta Idi-Araba sosai a rikicin Fabrairun 2002, an rubuta Mile 12 a na Maris ɗin 2016, an rubuta 'yan acaɓa lokacin da gwamnatin jiha ta hana su wasu yankuna a 2020 da 2022. A irin waɗannan labarai shugabanninmu sukan fito a layi ɗaya: an ce Sarkin Hausawa ya yi kira da a zauna lafiya. Ko ka tara irin wannan guda ashirin, ambato ne kawai. Labarin rikicin ne aka ba da, ba na mutumin ba. Wannan abu yana ci mini rai, domin mutumin da ya hana fitina sau goma ba a rubuta shi, sai ranar da ta fi ƙarfinsa. Amma mai tantance maƙala ba zai iya cike wannan giɓi da kyakkyawan zato ba.

Matsala ta biyu ita ce labarin saye. Editocin sashen Turanci sun san ana biyan kuɗi a buga yabo a jaridun Najeriya ba tare da an nuna talla ce ba, har sun rubuta gargaɗi na musamman a kai. Don haka sunan jarida kaɗai ba ya wadatarwa, rubutun da kansa ake dubawa. Idan babu sunan wanda ya rubuta, ko kalmomi iri ɗaya sun fito a jaridu huɗu cikin mako guda, ko rubutun kirari ne daga sama har ƙasa babu muryar kowa sai ta mai shi, ko ya ƙare da adireshin Instagram, to ka ajiye shi. Sanya irinsa yana jawo wa sauran majiyoyinka zargi.

To ina za a nema?

Ka fara da Google, amma ka juya sunan ta kowace fuska. Jaridun Legas sukan rubuta Seriki a maimakon Sarki. Idi-Araba tana zuwa a haɗe, tana zuwa a rabe. Muhammadu yana iya zama Mohammed, a tsofaffin takardu ma Momodu. Ka gwada sashen littattafai na Google da na binciken malaman jami'a, ka gwada AllAfrica, shafin da ke tara labaran jaridun Afirka. Idan mahaɗin labari ya mutu, ka neme shi a Wayback Machine, shafin da ke adana tsofaffin kwafin shafukan intanet.

Sannan ka koma kafofin Hausa: Aminiya, Leadership Hausa, Premium Times Hausa, da sassan Hausa na BBC da DW da RFI. Sau da yawa su ne suke zuwa Alaba Rago ko mayankar Oko-Oba su yi rahoto na musamman ba don an yi faɗa ba. Shirin rediyo yana aiki idan akwai inda mai son tabbatarwa zai je ya saurara.

Bayan nan sai tsohuwar zuma. Daily Times ta fara fitowa a Legas a 1926, Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Akwai reshen Ɗakin Karatu na Ƙasa a Yaba, akwai ɗakin karatun Jami'ar Legas a Akoka, akwai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Ibadan da Kaduna. Shafin Archivi.ng yana ɗaukar hoton tsofaffin jaridun Najeriya yana ɗorawa a intanet, ka leƙa kafin ka shiga motar Yaba. Kundin digirin digirgir ana karɓarsa da taka-tsantsan, na digiri na biyu ba kasafai ba, na digirin farko kuwa kada ka dogara da shi. Idan asusunka ya kai wata 6 da gyara 500, kana iya shiga ɗakin karatun Wikipedia na intanet ka karanta mujallun da ake saya da kuɗi, kyauta.

Ga shawarata, wadda ba kowa ke son ji ba: ka rubuta unguwa kafin ka rubuta mutum. Masana sun fi yin rubutu a kan al'umma da sana'a. Abner Cohen ya fitar da littafi guda a kan Hausawan Sabo na Ibadan a 1969. Paul Lovejoy ya yi nasa a kan fataucin goro a 1980. Rundunar Hausawa da John Glover ya kafa a Legas a 1863 tana cikin littattafan tarihin sojan Najeriya. Zaman Hausawa a Agege yana ɗaure da cinikin goro da layin dogon da ya haɗa Legas da Kano. Waɗannan batutuwa suna da shaidu a ƙasa. Kuma dattijon da bai kai ga shafi nasa ba yana iya samun layi biyu a cikin maƙalar unguwarsa, idan majiya ɗaya amintacciya ta faɗi abin da ya yi. Ƙa'idar cancanta tana hukunta buɗe sabon shafi ne, ba ta hana ambaton mutum a cikin shafin da ke akwai ba.

Labarin baka, irin wanda kakanninmu suke ba mu, ba ya shiga kai tsaye, komai ingancinsa. Sai wani ɗan jarida ko malamin jami'a ya ɗauka ya buga tukuna.

Mataki na uku: ka duba ko akwai ƙa'ida ta musamman

Wasu rukunai suna da gajeriyar hanya. Wanda ya taɓa zama gwamna, minista, sanata, ɗan Majalisar Wakilai ko ɗan majalisar dokokin jiha, kamar mutum 40 da ke zama a Alausa, ana ɗaukarsa ya cancanta da zarar an tabbatar da muƙamin. Ɗan takarar da bai ci ba, da kansila, da shugaban ƙaramar hukuma, da mai ba gwamna shawara, ba su da wannan gatan, sai sun cika babbar ƙa'ida. Garin da hukuma ta san da shi kuma mutane suna zaune a ciki, shi ma ana ɗaukarsa ya cancanta, amma layi ko ɓangaren unguwa sai da majiyoyi. Shugaban babbar jami'a shi ma ya cancanta, ba kowane malamin jami'a ba.

Sarauta ba ta da gajeriyar hanya. Rawani, komai girmansa a wurinmu, da majiyoyi ake auna shi. Haka limami da mai wa'azi. Kamfani da ƙungiya kuwa awonsu ya fi na kowa tsauri: sanarwar buɗe reshe, rabon tallafin azumi, ziyarar ban girma, duk ana ɗaukarsu harkar yau da kullum. 'Yan ƙwallo ma tun 2022 buga wasa a babbar gasa ya daina wadatarwa.

Kuma cancanta ba a gadonta. Aliko Ɗangote yana da shafi, wannan bai ba manajansa ko surukinsa shafi ba. Mutumin da aka san shi da abu guda tak, kamar bidiyon da ya yaɗu mako ɗaya, yawanci ba a buɗe masa.

Mataki na huɗu: ka rubuta a daftari, da harshen mai ba da rahoto

Sabon asusu ba ya iya buɗe maƙala kai tsaye a sashen Turanci sai ya kwana 4 ya yi gyara 10. Ko ka wuce wannan, ka fara a daftari ka miƙa wa masu dubawa. Layin yana da tsawo, wani lokaci makonni ko watanni, amma daftarin da aka mayar maka yana nan kana gyarawa.

Jimlar farko ta faɗi abin da ya bambanta mutumin da sauran jama'a, tare da majiya a gefenta. Ka bar kirari a gida: "gogagge", "shahararre", "uban marayu", "wanda babu kamarsa" su ne suke sa a ga maƙala kamar talla. Kada ka kwafo ko da sakin layi ɗaya daga wani shafi, ka karanta ka rufe ka faɗa da bakinka. Maƙala mai sakin layi uku da kowace jimla take da madogara ta fi mai shafi biyar da rabinta jin-ta-jin-ta ne.

Idan mutumin mahaifinka ne, ko maigidanka, ko malaminka, ka faɗa a shafin tattaunawa da ke haɗe da maƙalar. Idan an biya ka, dokar amfani ta Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, tun 2014 ta wajabta maka ka bayyana wanda ya biya. Ɓoyewa tana kai wa ga rufe asusu.

Mataki na biyar: an manna alama, wace iri ce?

Idan aka manna wa maƙalarka alamar gogewa, kada ka yi komai sai ka karanta akwatin da ke saman shafin har ƙarshe. Hanyoyin gogewa sun bambanta, kuma abin da ya halatta a ɗaya laifi ne a ɗaya.

Gogewar gaggawa ba ta jiran kowa. Mai gudanarwa yana iya aiwatar da ita cikin minti kaɗan. A7, wadda ta ci maƙalar Baba, tana nufin rubutun bai ma faɗi wani dalili karɓaɓɓe da ya sa mutumin yake da muhimmanci ba. G11 talla ce tsantsa. G12 kwafe ne. G4 ita ce sake ɗora abin da aka riga aka goge bayan muhawara ba tare da wani canji na kirki ba. G13 daftarin da aka yi watsi da shi wata 6. A 2025 an ƙara G15, ga rubutun da na'ura ta ƙirƙira aka ɗora ba tare da mutum ya tantance ba, musamman mai majiyoyin da babu su a duniya. Idan kai ka buɗe shafin, ba ka da izinin cire wannan alama. Akwai maɓalli a cikin akwatin na ƙalubalantar gogewar, ka danna shi ka rubuta dalilinka a taƙaice, sannan ka garzaya ka gyara.

Ta biyu ita ce PROD, shawarar gogewa idan babu mai ja. Tana ba da kwana 7. Kowa yana iya cire ta, har da kai, kuma ba a sake manna ta. Amma ka faɗi dalili ka kuma ƙara majiyoyi, domin wanda ya manna yana iya kai maganar gaba. Tana da 'yar'uwa ta tarihin mutum mai rai da ba shi da majiya ko ɗaya. Ita ma kwana 7 ce, sai dai ba a cire ta sai an saka amintacciyar majiya aƙalla guda.

Wani lokaci ba gogewa za a yi ba, mayar da maƙalar daftari za a yi. Kada ka ɗauke shi wulaƙanci. Lokaci aka ba ka.

Ta ƙarshe ita ce muhawarar gogewa, AfD.

Mataki na shida: yadda ake tsayawa a muhawara

Ana buɗe shafi na musamman, a bar shi aƙalla kwana 7. Idan magana ba ta nuna ba, a ƙara wani mako. Alamar da ke kan maƙalar ba a taɓa ta, amma gyaran maƙalar a buɗe yake, kuma a nan ya kamata yawancin ƙarfinka ya tafi.

Mun saba cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A wannan zaure ba haka ba ne. Wanda zai rufe muhawara ba hannu yake ƙirgawa ba, hujja yake aunawa da ma'aunin ƙa'ida. Mutum biyu masu majiya suna rinjayar goma masu cewa "mun san shi".

Saboda haka kada ka jefa mahaɗin a zauren WhatsApp na unguwa ko na ƙungiya ka ce a zo a taimaka. Na ga an yi, kuma na ga abin da ya biyo baya. Sababbin asusu takwas suka bayyana rana ɗaya, kowanne da jimla iri ɗaya. Aka yi musu alama, aka zubar da maganarsu, masu bincike suka duba suka ga wasu daga waya ɗaya suke shiga intanet, aka rufe har da asusun wanda ya rubuta maƙalar. Mu da muke yawan haɗuwa wurin horo muna jan data daga na'ura guda, sai mun ƙara kula: idan kun zauna tare, mutum ɗaya ya yi magana a muhawarar, ko kuma kowa ya bayyana cewa kun san juna. Buɗe asusu na biyu don ka mara wa kanka baya kuwa, shi ne laifin da ba a cika yafewa ba.

Ga yadda za ka tsara maganarka. Ka fara da kalmar Keep, wato a bar maƙalar, da rubutu mai kauri, sau ɗaya kawai a duk muhawarar. Ka faɗi cewa kai ne ka rubuta maƙalar. Ka jero majiyoyi uku mafi ƙarfi, kowacce da sunan jarida ko littafi, da marubuci, da rana, da adadin sakin layin da ta yi a kan mutumin. Idan da Hausa take, ka ɗauko jimla biyu ko uku ka fassara musu, domin mafi yawan masu dubawa ba sa jin Hausa, kuma abin da ba su iya karantawa ba sukan tsallake shi. Idan a takarda take, ka faɗi ɗakin karatun da ka gan ta. Ka sa hannu da alamar ~ guda huɗu. Turancinka ba sai ya yi kyau ba, bayananka ne za su yi kyau.

Akwai maganganun da ba sa amfani, kada ka ɓata bakinka: cewa wane ma yana da shafi alhali bai kai wannan ba, cewa yana da mabiya dubu ɗari, cewa ka sha wahala wajen rubutawa, cewa nan gaba zai yi suna. Zargin wariya ma haka. Gaskiya ne Wikipedia tana da giɓi babba a kan Afirka, su kansu sun amsa haka. Amma idan ka jefi mutum ɗaya da wannan zargi, muhawarar za ta tashi daga kan majiyoyinka ta koma kan halinka. Kuma sau da yawa wanda ya kawo ƙarar ɗan Najeriya ne irinka, yana can Surulere ko Kaduna. Abin da kake da damar tambaya cikin ladabi shi ne ko ya bincika majiyoyin Hausa da sauran rubutun sunan kafin ya kawo ƙara, domin ana sa ran mai ƙara ya yi bincike tukuna. Kuma hukunci yana kan majiyoyin da suke akwai a duniya, ba waɗanda aka riga aka saka a maƙalar kaɗai ba.

Kada ka bi kowane mai magana da martani. Ka amsa tambaya idan an yi, ka sanar idan ka samo sabon abu, ka yi shiru.

Idan ka ga shaidunka ba su kai ba, kai da kanka ka nemi mafita ta tsakiya: a haɗe bayanin da maƙalar unguwa ko kasuwa, ko a mayar da sunan ya riƙa kai mai nema can, ko a mayar maka da shi daftari. Editoci suna saurin karɓar wannan daga wanda ya nuna ya fahimci matsalar. Idan kuma aka tashi ba a cimma matsaya ba, maƙalar tana zama.

Mataki na bakwai: an goge

Kada ka sake ɗora ta washegari da ɗan canjin suna. Za a sake gogewa, da G4 in bayan muhawara ce, idan ka nace kuma a kulle sunan yadda ba mai iya buɗe shi sai da izini.

Rubutunka bai ƙone ba, masu gudanarwa suna ganinsa. Idan ta hanyar PROD aka goge, ko daftari ne da ya kwana wata 6, akwai shafin neman maidowa, kuma yawanci ana mayarwa ba gardama. Idan bayan muhawara ce, ka fara zuwa shafin wanda ya rufe ta, ka roƙe shi ya mayar maka da rubutun daftari ko ya aiko maka da kwafi. Wanda aka goge don kwafe ko cin mutunci ba a mayar da shi. Akwai zauren ɗaukaka ƙara, amma aikinsa duba ko an bi tsari daidai ne, ko kuma wata muhimmiyar shaida ta fito daga baya. Ba wurin maimaita muhawara ba ne.

A daidai wannan lokaci ne 'yan damfara suke zuwa. Saƙo zai shigo wa iyali ko kai kanka, wani ya ce shi babban edita ne, a biya shi ya dawo da shafin. Wikipedia ba ta karɓar kuɗi don buɗe shafi ko dawo da shi, kuma babu wanda zai iya ba ka tabbacin maƙala za ta zauna. Kada ka tura ko naira ɗaya.

Abu mafi wuya a maganar Baba ba a kan allo ya faru ba. Sai da muka je gidan babban ɗansa, muka zauna a kan tabarma, na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ba wai an raina Baba ba ne. Shaidar waje suke nema, mu kuma tamu duk ta cikin gida ce." Ya yi shiru, sannan ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jaka. A ciki akwai yankakken shafin jarida da ya yi ja, rabin shafi cur a kan mahaifinsa, da sunan wanda ya rubuta, amma an yanke saman da ke ɗauke da sunan jaridar da kwanan wata.

Asabar biyu muka yi a Yaba muna juya ɗaurarrun jaridu kafin muka gano fitowar. Da ita muka saka jimla biyu a kan Baba a maƙalar unguwarsa, kuma har yau suna nan. Mai gudanarwan da ya goge shafin ya mayar wa ƙanen nawa rubutunsa daftari, shi kuma ƙanen ya cire kirarin da kansa. Majiya ɗaya ce a hannunmu, muna neman biyu. Alhaji ya ce ya tuna wani malamin jami'a ya taɓa zuwa da rakoda ya yini wurin Baba, don haka mako mai zuwa Akoka za mu nufa mu duba kundayen sashen tarihi.